Ruwan Kyamis

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wauta ba a hanya na tsince ta ba, da ita anka haife ni. Ni ne mutumin da ya kira gayyar cirar albasa da tsakiyar bazara, ya tara maza cikin fadama, ya manta bai tanadi abin da za su jiƙa maƙoshi da shi ba. Mantuwar nan tawa ita ta juya wa wani bawan Allah rayuwa, shi ko bai taɓa iya buɗe baki ya zage ni a kai ba, don taubashina ne.

Uwata da ubansa ciki ɗaya sunka fito. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna tsirara yake kirana bawa, ni kuma da ya shiga harkar magani na raɗa masa likitan awaki. Kowa ya san dokar: abin taubashi naka ne in hannunka ya kai, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Na ci wannan doka har na siɗe kwano. Hularsa, takalminsa, cinyar kazar da anka aje masa, babu wanda bai bi ta hannuna ba.

Tare anka sa mu boko a Wurno. Ni ban daɗe ba malam ya ce kaina kwando ne, ba ya riƙe ruwa. Na ce to a bar kwando ya tafi kasuwa, can ake neman irinsa. Shi ko ya zauna, ya wuce Sakkwato, ya wuce gaba da nan, ya karanto haɗa magani. Muna yara wata bazara gudawa ta ɗauke ƙanwarsa, tana kwance a tabarma yana yi mata fifita. Bai taɓa ce mani don haka ya zaɓi karatun magani ba, ni ma ban tambaya ba, amma duk gidanmu an sani.

Ya yi aikin asibitin gwamnati har gashin kansa ya fara haske, sannan ya dawo gida ya buɗe kyamis kusa da kasuwa. Ban taɓa ganin mutumin da ke son sana'arsa irinsa ba. Da safe ya saka farar rigarsa ta asibiti, ya goge kanta, ya tsaya. In mai ciwo ya shigo sai ka ga fuskarsa ta buɗe kamar an yi masa albishir. Ba ya miƙa ƙwaya sai ya yi tambaya: yaushe ya fara, mi ka ci, yaya barci, yaya bayan gida. Wani ya zo sayen maganin ciwon kai ya fita ya ba da labarin kakarsa. Abin da yake so a duniya ke nan, a zo masa da ciwo a koma da sauƙi, a ce wurin mai magani anka je.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. In zafi ya kama, yara na ta gudawa, manoma na faɗuwa a gona, ruwan jiki ya ƙare. Akwai ruwan gishiri da sukari da ake ba su, amma yara tofarwa suke yi, manya kuma su ce wannan ai ba komi ba ne. Sai ya shiga ɗakin baya yana dafe-dafe, yana neman abin da zai yi aikin kuma ya wuce maƙoshi ba da faɗa ba. Tsamiya, ɓawon goruba, citta, kanumfari, lemun tsami, ɗan gishiri, da wasu abubuwan da ya auna a ƙaramin sikeli. Ni ne mai ɗanɗano, don ya ce in abin ya zama guba ba a yi asarar kowa ba.

"Bawa, buɗe baki."

"Wanga ya yi kama da wankin ƙwarya."

"To wanga fa?"

"Wanga ko akuya ta sha sai ta kai ka ƙara."

Haka munka yi ta yi har ranar da na kurɓa na yi shiru. Ya ce in yi magana. Na ce ban ji da kyau ba, ya ƙaro. Ya ƙaro, na ce har yanzu harshena bai yanke hukunci ba. A moɗa ta gaba ya gane, ya fizge.

Ya zuba a kwalabe irin na magani, ya fara ba masu ciwo. Nan ya gamu da mutanenmu. Mu a wurinmu magani shi ne wanda in ka haɗiye sai ka rufe ido ka ambaci Allah, ko kuma allura mai sa ɗingishi. Wata tsohuwa daga Rara ta kawo jikanta, ya ba ta kwalba, ta ɗanɗana kafin ta ba yaron, ta dawo da ita ta dangwarar a kan kanta.

"Ɗana, ni magani niz zo nema. Wagga alewa ta."

"Inna, shi na maganin. Ki ba shi kaɗan-kaɗan."

"Ciwo na jin zaƙi shi gudu? Ba ni mai ɗaci, ko ka yi mai allura."

Duk wanda ya zo haka. Kwalabe sunka ƙi fita, ragowar da ke cikin babbar jarka ta zauna a firij, shi kuma ya daina maganar, sai dai in ka ga ya buɗe firij ya tsaya yana kallo.

To ranar gayyata ke nan. Rana ta take, maza sun cire albasa sun tara tsibi-tsibi, sun fara duban hanya. Mai ɗakina ta aiko da tuwo, amma fura ni na ce ta bar mani, zan taho da nono daga kasuwa, na ko tsaya kallon dara na manta. Wani dattijo cikin masu gayya ya ce, "Mai gona, ko ƙishirwa ma cikin ladar take?" Na hau babur na nufi gari ban san abin da zan yi ba. Na biyo ta kyamis na tarar taubashina ya tafi masallaci ya jawo ƙofa kawai. Na shiga neman ruwan sanyi, na ga jarka. Ban yi dogon tunani ba, dama ba ni da shi. Na ɗaure ta a bayan babur, na sayi ƙanƙara, na juye duka a randa na ƙara ruwa.

Na ga maza sun sha fura, na ga sun sha kunun zaƙi, ban taɓa ganin sun yi shiru a bakin randa irin na ranar ba. Dattijon nan ya sha, ya goge gemu, ya ce, "Mi na na wanga?" Na ce ruwan kyamis ne. Sunan da ya bi shi ke nan har yau. Aikin da na zaci zai kai mu gobe, kafin la'asar an gama.

Da safe na je in mai da jarka, na tarar da mutane a ƙofar kyamis har bakin hanya. Taubashina ya iso ya gan su, ya zaci annoba ta shigo gari. Ya yi maza ya saka farar riga, ya ce a shigo da wanda ya fi jin jiki. Wani ƙato ya shigo.

"Mi ka damunka?"

"Lahiya lau nike."

"Gudawa? Amai? Jiri?"

"Ko ɗaya. Ruwan ga na jiya nika so, wanda kab ba taubashinka."

Ya ɗaga kai ya hango ni a bayan mutane rungume da jarka. Na ɗaga masa ita kamar mai nuna ragon layya. Mutane sunka fashe da dariya, don kowa ya san tsakaninmu. Da wani ne ya yi masa haka, da sai an kai ga alƙali. Amma ni ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariyar da doka ta ce ya yi, ya ce, "Bawa, ka kyauta." Ni a lokacin na ɗauka yabo ne. Na ce muku da ita anka haife ni.

Da fari ya ƙi. Ya ce shi ba mai sai da lemo ba ne. Amma azumi ya shigo cikin zafin, limamin unguwa da kansa ya aiko a taimaka masa da na buɗa-baki, kuma ba a ce wa liman a'a. Daga liman sai ladan, daga ladan sai duk sahun farko. Ya rage gishirin, ya ƙara tsamiya, ya sassauta shi yadda mai lafiya zai sha. Kafin Salla ƙarama ana ɗaura shi a leda. Shekara na juyowa direbobin tashar Rabah na ɗaukarsa a kula, masunta a bakin madatsar Goronyo na sanya shi cikin ruwa a gefen kwalekwale don ya yi sanyi. Na je taron suna a Kagara anka miƙo mani shi, mai gidan yana yi mani bayanin yadda ake sha. Na bar shi ya gama.

Abin da zan faɗa a kan taubashina, ko abin da bai so ba in zai yi sai ya yi shi da kyau. Ya ce tunda cikin mutane zai shiga, ba za a yi shi a ƙazance ba. Ya gina ɗaki daban, ya sa ana tafasa ruwa ana tacewa, masu aiki da hula da safar hannu. Ya yi ta zirga-zirga har hukuma ta zo ta duba ta amince. Daga baya ya sayo injin da ke sa masa iska, anka koma zuba shi a roba mai murfi. Ranar da anka fara, ni anka ba. Na kafa kai na shanye, gyatsa ta fito mani ta hanci, hawaye ya zubo, na ce a kira mai ɗakina mu yi bankwana. Ya ce, "Ai ba ka mutuwa, irinku sai an gaji da ku."

Arziki ya zo. Ya gyara gidan kawu, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka, ya dawo ya biya mani na je. A can ma na saci silifas ɗinsa. Ni kuma na zama mai shiga ɗakin firij ba sallama, ina sha safe da rana da maraice, in anka yi magana in ce ni na haifi abin, shi unguwarzoma ne kawai.

Sai dai kowane sabon firij da anka shigo da shi, kantar magani ɗaya ke fita. Shagon da ke warin asibiti ya koma ƙamshin tsamiya. Wasu samari sunka buɗe kyamis a ƙetaren hanya, mutane sunka koma can. Ba don sun fi shi sani ba, su ma kansu shi suke aiko wa tambaya a ɓoye. Kawai dai mutum ba ya ɗaukar ciwonsa ya kai inda ake layin lemo. Sunansa ma ya sauya, yara da manya sai Alhaji mai ruwan kyamis. Ya bar kanta ɗaya a lungu da benci a gabanta, kullum da safe ya saka farar riga ya zauna. In mai sari ya zo ɗaukar kaya sai ya ce ya miƙo hannu a auna masa jini tukuna. Sunka koyi aiko direba.

Wata rana na ce masa, "Likitan awaki, ka lura yanzu ba a faɗuwa a fadama? Kowa da robarsa a aljihu. Ai maganinka na aiki."

Ya ce, "Wanda bai faɗi ba, ina ya san an tashe shi?"

Na ce ai Allah ya sani. Ya ce haka ne, ya ci gaba da goge kantar da babu ƙura a kanta.

Mafi muni ni na yi shi. Kaina ya yi ciwo wata ranar kasuwa, ƙafata ta kai ni kyamis ɗin samarin nan ba tare da na yi shawara da ita ba. Ina fitowa da ƙwaya a hannu munka yi ido huɗu, yana tsaye a ƙofarsa da farar riga. Na yi maza na jefa ƙwayar a baki na haɗiye ba ruwa, na ce goro ne. Ya ce, "Goro fari ƙal haka? Allah shi sawwaƙe." Ya juya ya shiga. Ranar ban shiga ɗakin firij ba, sai da na kwana biyu.

Da girma ya kama shi, manyan 'ya'yansa maza sunka karɓi harkar. Yaran kirki ne, sun iya kasuwa. Sunka zo masa da ladabi sunka ce lungun nan ana bukatarsa, magungunan kanta lalacewa suke yi ana zubarwa, a bar shi ya huta. Da ya ƙi amsawa sai sunka biyo ta wurina.

"Baba, kai kaɗai ka iya da shi. Ka yi mai magana."

Na ce zan yi. Na je na zauna a bencin, na buɗe baki, na ga yadda ya jera 'yan kwalaben nan fuskarsu duk gaba, sai na ce masa hularsa ta yi kama da murfin tukunya, na tashi. Daga baya na ji ya ce masu su bari damina ta wuce, sannan su yi yadda sunka ga dama.

Cikin daminar nan ne jikina ya fara ba ni labari. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, ina sha ina zagayawa, wando na sauka daga ƙugu. Ni ina murna na ce ƙuruciya ce ta dawo. Mai ɗakina ce ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki, ta nuna mani inda nake tsugunawa. Tururuwa sun yi cincirindo a wurin kamar an zubar da zuma.

"Malam, ko tururuwa sun gane ka. Tashi ka tahi wurin ɗan'uwanka."

Na tsaya a tsakiyar hanya, kyamis ɗin samari a dama, nasa a hagu. Na shiga hagu. Masu aiki sunka matsa mani hanyar firij yadda sunka saba, na wuce su na zauna a benci. Ya ɗago.

"In sata kaz zo, ba a nan take ba."

"Ciwo nik kawo."

"Na wa?"

"Nawa."

Bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali ya gyara wuyan farar rigar, wadda ta riga ta koma ruwan ƙwai, ya jawo kujera gabana. Yaushe ya fara? Mi kake ci? Yaya barci? Ƙafa na yi maka kamar ana tsira allura? Na amsa duka, har da waɗanda ban taɓa gaya wa mai ɗakina ba. Ya huda mani yatsa, ya ɗiga jinin a ɗan inji, ya duba, ya ce, "Bawa, jininka in anka sa mai ƙanƙara sai a sai da shi a tasha." Ciwon suga ne. Ya ce shi ba zai yanke shi kaɗai ba, ya sa anka kai mu babban asibiti a Sakkwato, ya zauna kusa da ni yana gyara wa likita amsoshina in na yi ƙarya. Da munka dawo ya aje ƙwayoyina a kantarsa, ya ce ba zai ba ni su in kai gida ba, don ya san ni, kullum in zo in karɓa. Ya kuma tara masu aiki ya ce duk wanda ya ga na doshi firij ya yi kururuwar ɓarawo.

Ni da na shayar da ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, yanzu ruwan randa nake sha. Na taɓa gwada sayen roba ɗaya a ɓoye a tasha, mai sayarwa ya ce Alhaji ya riga ya aiko.

Damina ta wuce, 'ya'yansa sunka zo da kafinta. Sunka tarar da ni a benci na miƙa yatsa, ubansu ya sunkuya a kai da tabarau. Sunka gaishe mu, sunka dube mu, babban ya ce wa kafinta su je akwai wata ƙofa da ke son gyara. Ba su sake tada maganar ba. Ni kuma da yake bakina ba ya rufuwa, na bi majalisa ina ba da labarin tururuwa, sai ga tsofaffi irina suna zuwa ɗaya-ɗaya, wannan da hawan jini, wancan da gwiwa. Ba mu da yawa, benci ɗaya ya ishe mu, ranar da munka cika ni ake turawa kan bulo. Amma da hantsi in ka wuce za ka ji muryarsa yana tambayar wani yaya bayan gida.

Yanzu haka muke. Na bar wa yara gona, shi ya bar masu firij. Da safe in yi wanka in taka zuwa kasuwa, a huda ni, a zage ni, in rama, in haɗiye ƙwayata, in saci goronsa in dawo. Ban san abin da mutum zai nema ya wuce wannan ba.

Tunda munka tashi ban taɓa barinsa ya yi maganar ƙarshe ba, ko an kwana biyu sai na rama, sai rana ɗaya, kuma har yau ina bin kaina bashin amsa. Ya auna ni ya ce jinin ya yi kyau ƙwarai. Na miƙe ina taka rawa da sandata, na ce to likitan awaki, akuyarka ta warke, sai ka nemi wata. Tsofaffin benci sunka yi dariya. Shi ya naɗe ɗan injinsa a tsumma, ya sa a kanta, bai dube ni ba ya ce:

"Bawa, ko ka warke ka riƙa zuwa kana yi mani ƙaryar ciwon kai. Ai ka iya."